Samfurin da ba a sa ran komai daga gare shi

A shekarata ta farko a ɗakin gwaje-gwaje, duk takardar binciken da aka ba ni, abin da nake fara dubawa shi ne sau nawa wasu masana suka ambace ta. In adadin na da yawa in zauna in karanta, in bai taka kara ya karya ba in ture ta gefe. Da wannan mudun nake auna su kansu masanan. Abin da ya raba ni da ɗabi'ar shi ne aikin da malamina ya ba ni na bin sawun binciken Katalin Karikó tun daga tushe.

An haife ta a Hangari a 1955, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Szeged, ta koma Amurka a 1985, sannan a 1989 ta kama aiki a Jami'ar Pensilbaniya. Abu ɗaya ta sa a gaba: mRNA, ɗan aiken da ke ɗauko umarni daga ƙwayoyin gado ya kai inda ake haɗa furotin. Burinta a haɗa wannan saƙo a ɗakin gwaji, a shigar da shi jiki, jikin ya samar da maganinsa da kansa. Ta yi ta neman kuɗin bincike ana hana ta, har aka rage mata matsayi a 1995.

Ba na cikin masu cewa waɗanda suka hana ta kuɗin ba su san abin da suke yi ba. Suna da hujja. Saƙon mRNA bai da ƙarko, nan da nan yake lalacewa, kuma da zarar an shigar da na haɗi cikin jiki sai garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo ta tayar da kumburi. Wannan matsala ta biyu ce ita da Drew Weissman, masanin garkuwar jiki da ta haɗu da shi a jami'ar a ƙarshen shekarun 1990, suka duƙufa a kai.

A nan na fi daɗewa. Kowane gwaji yana da samfurin kwatance, wanda ake ajiyewa a gefe don kawai a auna sauran da shi. A cikin nasu samfuran kwatancen akwai wani ɗan'uwan mRNA da ake kira tRNA, sai suka lura shi bai tayar da ƙwayoyin garkuwa yadda mRNA ɗinsu ke yi ba. Da wani ne, da ya rubuta "babu komai" ya wuce. Su kuwa suka tsaya suna tambayar dalili. Ashe tRNA cike yake da tubalan da halitta ta yi wa ɗan sauyi. Da suka musanya yuridin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina mRNA da su, da irin waɗannan, ciki har da sudoyuridin, sai garkuwar ta lafa. Sun wallafa sakamakon a mujallar Immunity a 2005, kuma a 2008 suka nuna cewa saƙon da aka sauya yana ba da furotin fiye da na asali.

Takardar 2005 ta yi shekaru ba ta ja hankalin mutane da yawa ba. Da a lokacin ta zo hannuna, da mudun nan nawa, da na ture ta. Karikó ta koma kamfanin BioNTech na Jamus a 2013. Rigakafin korona na Pfizer da BioNTech da na Moderna, waɗanda suka fito a ƙarshen 2020, duk a kan sauya tubalin nan suka dogara. A 2023 aka ba Karikó da Weissman kyautar Nobel. Shekara 18 ke nan bayan fitowar takardar 2005.

Ina cikin wannan karatun na tuna da nawa samfurin kwatancen. Sau uku yana ba ni ɗan alamar da bai kamata ya bayar ba, ni kuwa na ɗauka gurɓata ce, na yi ta maimaitawa har ya fito yadda nake so. Na ɗauki littafin aikina na je wurin malamina.

"Malam, akwai abin da ban gaya maka ba."

Ya duba shafukan a nitse, ya tambaye ni daga wace kwalba na ɗebi sinadarin a waɗannan ranakun. Ban rubuta ba. Da muka bi diddigi, sai muka tarar kwalba ɗaya ce ta lalace, kuma da ita na yi wasu daga cikin ainihin samfuran da nake alfahari da sakamakonsu. Aikin wata biyu muka sake daga farko.

Yanzu in ɗalibi ya kawo mini sakamako, samfurin kwatance nake fara cewa ya nuna mini, har da na ranakun da gwajin ya ƙi, da lambar kowace kwalba da ya taɓa.