Yadda Duna ya kusa sa a kore mu daga gida, ni da shi

Ranar da abin ya kai maƙura ita ce ranar da Hajiya ta zo mana daga Bauchi. Ta sauko daga mota a gajiye, yara suka ɗauko mata jaka suka ajiye a bakin ƙofar falo, ko gaisawa ba mu gama ba ina durƙushe ina cewa an zo lafiya, sai ga karenmu Duna ya shigo yana kaɗa bindi, ya zagaya jakar ya shinshina ta gaba ya shinshina ta baya, kawai ya ɗaga ƙafa ya tsiyaya mata fitsari a gefe. Ba wani mai yawa ba, bai fi cokali biyu ba. Amma jakar nan har da hijabinta na sallah a ciki da ƙullin daddawa da kuka da ta kawo mana tsaraba.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta yi faɗan ya fi min sauƙi. Kallona kawai ta yi tace "Kai yanzu kare ne a ɗakinka? Gidan da ake sallah?" Maman yara kuwa tana gefe tana min kallon ai dama na faɗa maka.

Bari in koma baya kaɗan don kar a ce ni ɗin wani ɗan gayu ne mai kwana da kare a gado. Muna zaune ne a bayan gari ta wajen hanyar Bukuru a Jos, unguwar sabuwa ce gidaje jefi-jefi, kuma sau biyu ana haura mana katanga, na farko aka kwashe kaji na biyu aka cire batirin mota. Shi ne wani abokin aikina ya ba ni kwikwiyo, ruwa biyu ne, uwarsa irin tamu ta gida ubansa Alseshan irin manyan karnukan nan na Turawa, baƙi ƙirin, yara suka sa masa Duna. Matsalar ita ce a watan Disamba ya zo yana ɗan sati bakwai, kuma duk wanda ya san sanyin Jos na Disamba da Janairu ya san ba a barin abu ɗan mitsitsi haka a waje, to sai na sa masa kwali da tsumma a lungun da ke tsakanin kicin da falo nace in sanyi ya wuce zai koma tsakar gida. Sanyi ya wuce, Duna bai koma ba, laifina ne wannan ban musa ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne karen nan ya riga ya koyi fita. Tun yana wata huɗu in fitsari ya kama shi zai je bakin ƙofa yana ƙugi har a buɗe masa, wata uku cur ba mu ga ko ɗigo a cikin gida ba. Sai da ya kai wajen wata takwas abu ya canza. Farko labulen falo, can ƙasa inda ya taɓa tayil, sai ƙafar kujera, sai gefen firij, sai takalmin wani baƙo, sai buhun shinkafa da na shigo da shi ranar ko kwance shi ba a yi ba. Gida ya ɗau zarni, maman yara ta ƙarar da turaren wuta na wata guda a sati ɗaya.

Ni kuma na yi abin da kowa ya ce in yi. Maƙwabcina yace in kama wuyansa in dangwara masa hanci a wurin in zane shi, wai haka ake yi. Na yi, Allah ya yafe min, sau uku ko huɗu. Abin da na samu kawai shi ne in na shigo gida Duna ya maƙale bindi ya shige ƙarƙashin tebur, fitsarin kuma bai fasa ba, sai dai ya daina yi a gabana, ya koma yi in na juya baya. Wato na koya masa tsorona ne kawai, bai ma san me ya haɗa dukan da labule ba tunda abin da ya yi tun awa biyu da suka wuce ne.

Bayan abin Hajiya, washegari na sa shi a bayan mota sai wurin likitan dabbobi, dama lokacin duba takardar allurarsa ya yi. Mu nan Filato mun yi sa'a ta wannan fannin, Vom na kusa da mu, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana can tun 1924 kuma suna yin rigakafin haukan kare, shi ya sa likitocin dabbobi ba sa wuyar samu a yankin. Na zayyana wa Dakta komai ina jira ya ce karen ya lalace. Dariya ya yi ya jefo min tambayoyi: fitsarin da yawa ne kamar kududdufi ko ɗan kaɗan? A ƙasa yake yi ko a jikin abu mai tsayi? Yana tsugunawa ko ƙafa yake ɗagawa? Yana yunƙuri ko kuka in zai yi, akwai jini, yana shan ruwa fiye da da? Nace ɗan kaɗan ne, jikin kaya, ƙafa a sama, kuma lafiyarsa ƙalau. Duk da haka sai da ya sa aka tari fitsarin aka duba, yace ciwon mafitsara ma yana sa kare yawan ɗiga nan da can kuma in shi ne ba horon da zai yi aiki sai magani. Sakamako ya fito babu komai.

Sai yace "Malam, karenka ba fitsari yake yi ba, sa hannu yake yi. Ya balaga ne."

Bayanin da ya min ya zauna min sosai. Namijin kare yana balaga ne tsakanin wata shida zuwa shekara, kuma daga nan fitsari ya tashi daga abin da ake zubarwa don mara ta cika ya koma saƙo. A cikinsa akwai warin da ke gaya wa wani kare waye ya wuce nan, namiji ne ko mace, ya balaga ko bai balaga ba, yaushe ya wuce. Shi ya sa yake ɗaga ƙafa, don abin ya sauka daidai tsayin hancin wani karen, shi ya sa kuma ba ya juye shi duka a wuri ɗaya, rabawa yake yi kaɗan-kaɗan kamar mai manna fastar siyasa. Duk abin da ya shigo gida da baƙon wari, jakar Hajiya da ta kwana a tasha ta biyo but ɗin mota, buhun shinkafa, takalmin baƙon da wataƙila ya taka inda wani kare ya yi nasa, to a wurin Duna takarda ce da ba a buga mata hatimi ba. Hancin kare yana da ƙwayoyin jin wari da suka kai miliyan ɗari biyu zuwa uku, namu bai wuce miliyan biyar ko shida ba, abin da ni nake ganin na wanke tas shi a wurinsa allo ne da rubutu ɓaro-ɓaro.

Nan ne ma na gane kuskurena na biyu, wanda ya fi dukan ɓata lamarin. Mu abin da muka sani shi ne tsarki. Fitsarin kare najasa ne, a kwarara ruwa har launi da wari su tafi, wuri ya tsarkaka a yi sallah, kuma hakan daidai ne ta fuskar addini, ai ko ƙauyen nan da ya yi fitsari a masallacin Annabi (SAW) guga ɗaya na ruwa aka ce a zuba. Amma tsarkin da ya ishe ni bai ishi hancin Duna ba. Akwai wani gishiri-gishiri da fitsari ke bari in ya bushe, yana maƙalewa a zaren labule da layin da ke tsakanin tayil da cikin katakon kujera, ruwa zalla ba ya narkar da shi sosai, da damina ta shigo iska ta yi laima kuma sai warin ya taso sabo. Shi kuma duk inda ya ji tsohon sa hannunsa ya fara dusashewa sai ya sabunta. Mu kuma muna ta zuba bilic da maganin wanke banɗaki mai hawa kai ɗin nan. Dakta yace duk abin wanki mai amoniya a ciki kamar gayyata ce, don fitsari in ya kwana warin amoniya yake yi, sannan bilic in ya haɗu da fitsari yana tayar da tururi mai shaƙe mutum, irin baƙin maganin nan da ke yin fari in an zuba a ruwa kuma guba ne ga dabba in ta lasa.

Abin da ya ce in yi mai sauƙi ne har na raina shi. A fara tsane wurin da tsumma, kar a goga a baza shi. A samu omo irin wanda aka rubuta yana da enzayim a jikin ledar, a dama kashi ɗaya cikin ruwa mai ɗumi kashi goma, a jiƙa wurin sosai a bar shi kamar minti goma sha biyar, a ɗauraye, in ya bushe a bi da sifirit na kemis. Akwai na kwalba da ake sayarwa musamman don fitsarin dabbobi a shagunan kayan karnuka amma da na ji kuɗin nace omon ma ya isa. Labulen dai sau biyu aka wanke shi a ƙarshe maman yara ta yanke ƙasan ta kai wa tela ya naɗe, ƙafar kujera ɗaya kuwa sai da kafinta ya goge ta ya sake mata fenti.

Sai kuma dalilin da ya sa abin ya tashi gadan-gadan a wannan watan musamman, wanda ni ban ma lura ba sai da Dakta ya tambaya ko akwai karya a kusa. Ashe karyar gidan da ke bayanmu ce ta shiga lokacin barbara, abin da kan ɗauki sati biyu zuwa uku, kuma karnukan unguwa kaf sun mayar da jikin katangarmu da get ɗinmu wurin yin rajista. Duna yana ciki yana jin komai ta ƙarƙashin ƙofa, ba halin fita, to sai ya huce a kan labule. Da na fara wanke get ɗin da safe ina kuma fita da shi da sarƙa bayan sallar asuba da kuma bayan la'asar abin ya ragu sosai tun kafin a yi komai. In mun fita ba na jansa, duk sandar wuta da kututturen da ya ga dama ya tsaya ya shinshina ya ɗiga, in ya yi nace yauwa Duna in miƙa masa ɗan ƙashin kifi ko guntun ƙuli. Mutanen unguwa sun sha kallo, wani dattijo har tsayawa ya yi yace "Malam lafiya, kai ke kiwon karen ko shi ke kiwonka?"

A cikin gida kuma sati uku bai sake yawo shi kaɗai ba. In zai shigo to sarƙarsa na hannuna, da na ga ya fara wannan shinshinar ta musamman, ya tsaya ya karkata jiki yana gyara tsayuwa, sai in tafa hannu nace kai, mu je waje. Ba duka ba zagi. Dole sai a daidai lokacin, in ƙafa ta riga ta sauka an makara, sai dai a ɗauko omo. Wata dabarar da ta ban mamaki ita ce ajiye kwanon abincinsa a daidai gefen firij ɗin da yake yawan yi, kare ba ya son ɓata inda yake ci, kwana huɗu ya bar wurin. Kayan baƙi kuma yanzu ko leda ce ba a ajiye ta a ƙasa, kan tebur ko cikin ɗaki a rufe.

Maganar fiɗiya ita ce na daɗe ina juyawa. Dakta ya faɗa min gaskiya, yace tana rage abin ga karnuka da yawa amma ba duka ba, kuma in kare ya daɗe yana yi har ya zame masa ɗabi'a ko an cire maraina zai iya ci gaba, sannan ba washegari ake ganin canji ba sai an yi makonni. Yace tunda yana da jinin manyan karnuka gara a bari ƙashinsa ya gama girma. Ni tsorona kar ya zama rago ya daina haushi, tunda don gadi na kawo shi, yace haushin baƙo ba daga nan yake fitowa ba. Na bari sai da ya shekara da wata biyu aka yi, kwana goma sha biyu aka cire zare. Haushi dai yana nan, mai kawo mana ruwa zai ba da shaida. Haura katanga neman mata ne ya daina.

Amma in faɗi gaskiya abin da ya kashe maganar gaba ɗaya ba omo ba ne ba kuma fiɗiya ba, Hajiya ce. Kafin ta koma Bauchi ta zaunar da ni tace ita ba ta hana ni kare ba, an yarda da na gadi da na noma da na farauta, amma ta ji malamai na cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake, kuma jikokinta suna rarrafe a tayil ɗin nan suna sa hannu a baki. Wannan ta biyun Dakta ma ya faɗa, akwai cutar da ake ɗauka ta fitsarin kare da na ɓera mai taɓa ƙoda da hanta, tana cikin allurar da ake musu duk shekara. Nace to Hajiya in sha Allahu. Na sa aka gina masa ɗan ɗaki na bulo a gefen get, da rufin kwano da katako a ƙasa saboda sanyi, buhunan gawayi biyu na zuba wa tsumma suka zama katifa. Daren farko ya yi kuka har ƙarfe biyu, ni ma ban yi barci ba, maman yara tana cewa in ka tashi ka buɗe masa wallahi kai ma can za ka kwana.

Yanzu iyakarsa baranda. Ya san layin, yakan kwanta ya ɗora haɓa a kan dokin ƙofa yana leƙen talabijin amma ba ya tsallakowa. Da Hajiya ta dawo da babbar sallah na riga na gargaɗi yara, jaka daga but sai ɗaki, ba ta taɓa ƙasa ba. Duna ya zo ya gaishe ta daga nesa yana kaɗa bindi, ta ce masa "Kai dai ka ji kunya," sannan ya wuce abinsa wurin motar da ta kawo ta, ya zagaya ya ɗaga ƙafa a tayar baya ta hagu, direban yana ciki yana cin tuwo bai ma gani ba.