Ranar da abokin wasanta ya yi juyi biyu maimakon uku

Ƙannena, a Kharkiv ta ƙasar Yukren na fara sanin wasan zamiya a kan ƙanƙara, lokacin ina ɗaliba. Dattijuwar da nake haya a gidanta ba ta yarda gasa ta wuce ta a talabijin, ni kuma sanyi ya hana ni fita, sai in zauna kusa da ita. Wanda ya fi kama raina shi ne na mutum biyu, mace da namiji, kowa da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa. Namijin zai ɗaga macen sama da kansa suna cikin gudu, ko ya wurga ta, ta juya sau uku a iska ta dira da ƙafa ɗaya. Akwai kuma tsallen da kowa ke yin nasa amma a lokaci guda. Idan ɗaya ya gaza a nan, makin su biyun ake ragewa. Alƙalai ba ruwansu da wane ne ya ɓata.

A bakin dattijuwar nan na fara jin sunan Aliona Savchenko, kuma da ɗan takaici take faɗinsa, don 'yar ƙasarsu ce da ta koma yi wa Jamus wasa. An haife ta a 1984. Ta wakilci Yukren a gasar Olamfik ta hunturu a 2002 tare da Stanislav Morozov, suka zo na 15. Da ta koma Jamus ta haɗu da Robin Szolkowy, suka ci gasar duniya har sau biyar. Amma zinaren Olamfik ya ƙi zuwa: tagulla a Vancouver a 2010, tagulla kuma a Sochi a 2014. Szolkowy ya yi ritaya, ita tana da shekara 30, shekarun da mata da yawa a wannan wasa sun riga sun ajiye takalmi.

Sai ta ɗauko wani Bafaranshe, Bruno Massot, wanda bai taɓa cin wata babbar lamba a duniya ba. Hukumar wasan ta Faransa ta ƙi sakinsa, suka yi kusan shekara ɗaya da rabi suna atisaye ba tare da shiga gasar ƙasa da ƙasa ba. Takardar zama ɗan Jamus ma sai a Nuwamba 2017 ya samu, saura wata uku a tafi gasar Olamfik a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu. Duk wannan ta jira shi.

A daidai waɗannan shekarun ni na dawo Kano. Ni da ƙawata ta sakandare muka haɗa jari muna yin kek, cincin da dublan na biki. Ita ke karɓar oda da riƙe littafi, ni ina kan murhu. Shekara uku ba ta taɓa ɓatar da ko sisi ba. Rannan muka samu biki mafi girma da muka taɓa samu, aka ce leda 500, ita ta rubuta 300. Da safiyar ranar muka gane, kuma akwai sauran awa biyar kafin a zo ɗauka. Ga fulawa, ga mai, ga yara uku masu taya mu. Da mun hura wuta nan take, da mun cike gurbin ko mun kusa.

Ban hura ba. Na tsaya ina yi mata faɗa a gaban yaran, ina tono ƙananan abubuwan da suka wuce tun bara. Abin da ya fi muni, na buga wa uwar amarya waya na ce, "Hajiya, wallahi ba laifina ba ne, abokiyar aikina ce ta rubuta ba daidai ba." Hajiya ta ce ita ba ta san wata abokiyar aiki ba, shagonmu ta ba oda. Gaskiya ta faɗa. Kafin mu koma kan aiki awa biyu sun tafi, hannun ƙawata na rawa har ta ƙona kasko guda. Muka kai kaya ba su cika ba. Bayan sati biyu ta zo ta karɓi kasonta cikin mutunci, ta tafi.

Ranar 14 ga Fabrairu 2018 na kalli zagayen farko na Pyeongchang a waya. A tsallen nan na tare, Savchenko ta yi juyi uku, Massot ya yi biyu. Suka faɗo na huɗu, kusan maki shida a bayan Sui Wenjing da Han Cong na ƙasar Sin. Olamfik ɗinta ta biyar ke nan, tana da shekara 34, kuma ba ita ta ɓata ba. Na ga yadda fuskar Massot ta mutu a wurin jiran maki, sai fuskar ƙawata ta faɗo mini a rai.

Washegari, a zagayen ƙarshe, Savchenko ta sake miƙa wa Massot hannu ya wurga ta sama. Ku tsaya ku yi tunanin wannan da kyau. Mutumin da ya kasa jiya, shi za ki ba jikinki ya ɗaga a kan ƙanƙara mai tauri kamar siminti, kuma in kika yi ɗar-ɗar ko kaɗan zai ji a tafin hannunsa. Minti huɗu da rabi suka yi babu tuntuɓe. Suka samu maki 159.31, wanda ba a taɓa samu ba a lokacin, suka ɗauki zinare da ratar 0.43 kacal. Da kiɗan ya tsaya ta zube a kan ƙanƙarar, shi ma ya zube kusa da ita.

Ba ina ce muku kada a yi maganar kuskure ba. A yi, amma bayan an sauke tukunya, kuma ku biyu kaɗai. Muddin akwai sauran lokaci, tambayar da ke da amfani ita ce me za a iya ceto, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hannun da kika gama zagi rawa zai yi. Kada ki wanke kanki a wurin mai kaya da sunan abokiyar aikinki, shi sunan shago ɗaya ya sani. Kuma kafin ki buɗe baki, ki ɗora ranar nan guda a kan sikeli da shekarun da ta yi ba ta ɓata ba. Ni ban auna ba.

A daren da suka ci zinaren na nemo lambar ƙawata na kira. Na ce mata Habiba ta makaranta ce, na kira ne in roƙi gafara. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ta yafe tuntuni, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na tambaye ta ko za ta dawo mu ci gaba. Ta ce ta buɗe nata shagon, tana tare da ƙanwar mijinta, kuma suna zaune lafiya.