Fatar jar akuya da iyakar Kwangwalam

Dukanci gadon gidanmu ne a Daura. Tun ban kai zuwa makarantar boko ba Baba ya damƙa mini basilla, amma sai da na shekara biyu ina murza fata kawai kafin ya bar ni na huda ko ɗaya. Yakan ɗauki fata ya naɗe ta a tafin hannu, ya sake ta. In ta miƙe ba layi, ya ce ta jemu. In ta bar karaya, sai ya ce, "Mai da wa majemi kayansa, bagaruwar ba ta ratsa ta ba." Har gobe da wannan gwajin nake sayen fata.

Gafaka, kube, kamazuru da takalmin da muke ɗinkawa duk na fatar jar akuya ne, irin ta ƙasar Maradi. Ga laushi, ga ƙarfi, kuma in ta sha karan dafi jan yakan zauna ɗas, shekara da shekaru bai kwanta ba. Wani ƙanin mahaifiyata da ke Damagaram shi ke tara mini ita, mu haɗu ran kasuwar Mai'aduwa. Mu ba mu taɓa ɗaukar wancan ɓangaren wata ƙasa ba. Can kakata take kwance.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, sojoji suka kifar da shugaba Bazoum. Kwana huɗu tsakani ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka har da tamu ta Kwangwalam, aka yanke wa Nijar wutar lantarki. Faransa, wadda a lokacin ta daɗe tana haƙar yuraniyom a Arlit, ta kwashe sojojinta kafin ƙarshen shekarar. A 2024 Amurka ta bar sansaninta na Agadas, Rasha kuwa ta turo masu horar da soja. Kowace babbar ƙasa na lissafin abin da za ta samu, Nijar na tsakiya ana ja-in-ja da ita, ni kuma ga ni zaune da aikin mutane ba fata. Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗana, kaya na ɗaure, hanya ce babu." Wata bakwai da ɗoriya muka yi a haka, sai a Maris 2024 aka buɗe. Ko da aka buɗe, naira ta riga ta faɗi a gaban sefa, fatar ta zo da tsadar da ban taɓa gani ba.

A wannan tsakanin ne robar Chaina ta cika kasuwa. An buga mata zane kamar fata, an fesa mata ƙamshi. Mutum zai zo ya juya gafakata ya ce, "Malam, can na ga irinta rabin kuɗin." Ba irinta ba ce! Waccan rana ɗaya ta Afrilu ta ishe ta ta fara ɓarewa. An ba ni shawarar in riƙa sa ta daga ciki, wai ba mai gani. Na ƙi, na mayar wa mutum uku kuɗinsu a kan in ɗinka musu abin da zai tsinke a hannun mahayi ran hawa.

Yanzu fata na shigowa, ko da yake kaɗan-kaɗan. Mai son kamazuru ko kube na hawan Sallah ya zo da wata biyu a hannu, don rini kaɗai sai ya sha inuwa kwanaki kafin in sa masa wuƙa.