Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Furen da Ba Ya Son Ƙasa

Makon jiya na tsaya ne a ranar da na fita takaba. Washegari 'yata ta koma Yawunde, ta bar mini furen da ta yi ta riritawa a jirgin ƙasa har Ngawundare, daga can a mota har Garwa. Orkide ake ce masa, irin Phalaenopsis, furanninsa farare tas kamar malam-buɗe-littafi. Ta ce, "Inna, ki riƙa kula da shi, zai ɗebe miki kewa."

Na kuwa kula da shi har abin ya yi yawa. Ni da na tashi ina ban ruwan albasa a lambun mahaifina a Marwa, sanina shuka ba ta ƙin ruwa. Ga watan Maris, gari kamar wuta, zafi ya haura digiri 40. Safe da yamma nake kwarara masa. Da na ga ɓawon itace ne kawai a tukunyar, tausayi ya kama ni, na cika ta da ƙasa da taki. Kafin wata guda furanni suka zube, ganye suka yi yaushi suka yamutse. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Daren da ganye na biyu ya faɗi na yi kuka, kuma na san ba furen kaɗai nake yi wa ba.

Wani tsoho mai sayar da dashen itatuwa a bakin Binuwai, wanda ya daɗe yana aikin lambu a kudu, shi na kai wa. Ya juye tukunyar a tafinsa. Saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laushi, suna wari.

"Hajiya, ruɓewa ya yi. Ganyen nan ƙishi yake ji da gaske, amma saiwar da za ta sha masa ta mutu."

Ya ce a can asalinsa, Filifin da Indonisiya, jikin bishiya yake maƙalewa, saiwarsa a sarari tana shan iska.

"Kamar kauci ke nan, Baba?"

"A'a. Kauci tsotsar bishiya yake. Wannan aron wurin zama kawai ya yi."

Ya kara almakashi a wuta, ya datse matattun saiwoyi, saura uku kacal. Ya ɗan shafa garin kirfa a bakin yankan, ya mayar da shi wata tukunya mai huji da yawa, cikin gawayi da ɓawon kwakwa da aka jiƙa. Sannan ya nuna mini: in saiwa ta yi kore, a ƙoshe take, sai ta koma ruwan toka za a ba ta. Da safe, a bar ruwan ya tsiyaye duka, kada ɗigo ya kwana a tsakiyar ganye.

Na ajiye shi kusa da randa, inda akwai haske da danshi amma rana ba ta dukansa. Riƙe hannuna shi ya fi mini wuya. Sau nawa nake ɗaukar moɗa in tsaya a kansa, in leƙa saiwar, in ga kore, in mayar da ruwan randa.

Makonni suka wuce shiru. Bayan ruwan fari na fara tarar masa ruwan sama a roba. Wata safiya na sunkuya, sai ga kan sabuwar saiwa, kore shar, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ina durƙushe ina hamdala na ji sallamar ƙanen marigayi a zaure, shi da wasu mutum biyu, sun zo maganar gidan da nake ciki.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.