Na buɗe zaure, ashe ɗakin a kulle yake

Ranar Laraba ce, saura kwana uku mu raba wa yara sakamakon zango na biyu, Hajiya mai kula da jarrabawa ta aiko a kira ni daga aji. Makarantarmu ta kuɗi ce a wajen Pantami, cikin garin Gombe, kuma ni ne malamin kwamfuta. A irin makarantunmu ma'anar wannan ita ce duk abin da ke da waya a jikinsa nawa ne, har fankar ɗakin malamai. Na iske ta ta yi tagumi, kwamfutarta ta rubuta mata "Access is denied".

"Malam, makon jiya da hannuna na shigar da makin 'yan aji uku. Yau kuma wai ba ni da iko. Ni da aikina?"

Tsarinmu ba wani babba ba ne. Kwamfuta ɗaya ce mai Windows 10 a ofishin firinsifal, a faifanta na D muke ajiye folda mai suna SAKAMAKO, sauran kwamfutoci biyar kuma suna shiga ta rawuta, na'urar da ke haɗa su. Ranar Litinin ta ofishin firinsifal ɗin ta ƙi tashi, aka kai ta wurin wani mai gyara, ya goge faifan C, inda Windows take, ya zuba sabuwa, bai taɓa D ba. Da aka dawo da ita na sake ƙirƙirar asusun kowa da sunansa na da, na shiga shafin Sharing na ba Everyone, wato kowa da kowa, cikakken iko, na kakkaɓe hannu na ce an gama.

Abin da na manta shi ne foldar da aka raba a Windows ƙofa biyu gare ta. Izinin Sharing kamar zaure ne, shi ke tare wanda ya zo daga wata kwamfuta. Izinin Security kuwa, wato na NTFS (tsarin ajiyar fayil na Windows) da ke manne a jikin fayil ɗin kansa, shi ne ƙofar ɗaki. Windows tana duba su duka biyun ta ɗauki wanda ya fi tsanani. Ko ka wangale zaure, in ɗaki a kulle yake, baƙo a tsakar gida zai tsaya.

Da na buɗe shafin Security sai na ga babu sunan kowa cikinmu. Layuka ne na "Account Unknown", kowanne da doguwar lamba mai farawa da S-1-5-21. Nan na gane inda gizo ke saƙar. Windows ba ta san mutum da suna ba, da wannan lambar da ake kira SID ta san shi, kamar yadda muke bambanta Musa biyu a aji ɗaya da lambar rajista. Sabuwar Windows ta ba sabon asusun Hajiya sabuwar lamba, faifan D kuma yana nan yana jiran tsohuwar. Suna ɗaya, amma a wurin kwamfuta mutum biyu ne.

Firinsifal ya leƙo ya ce, "Malam, ka buɗe wa kowa kawai mu huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bara haka muka yi."

Bai ƙara magana ba, don ya tuna. Bara da kowa ke da cikakken iko wani malami ya goge foldar aji biyu bisa kuskure, muka ruga Recycle Bin ba mu ga komai ba. Abin da aka goge daga wata kwamfuta ta hanyar folda da aka raba ba ya faɗawa can, tafiya yake yi kai tsaye. Kwana biyu malamai suka yi suna sake kwafe maki daga takarda, suna hararata.

Kafin in taɓa komai sai da na kwafe foldar a fulash. Sannan na buɗe Command Prompt, inda ake rubuta wa Windows umarni, a matsayin Administrator na rubuta takeown /f D:\SAKAMAKO /r /d y don mallakar fayilolin ta dawo hannuna, na bi shi da icacls D:\SAKAMAKO /reset /t, wanda ya share tsofaffin lambobin ya sa komai ya gaji izini daga sama. A nan akwai tarko. Abin da foldar ta gada daga D ya haɗa da Authenticated Users, wanda ke ba duk mai asusu damar gyara da gogewa. Dole na katse gadon a kan SAKAMAKO, na cire shi tare da Users, na bar Administrators da SYSTEM. Na yi rukuni biyu, Malamai da Jarrabawa. Malamai su karanta ko'ina amma su yi gyara a foldar shigar da maki kaɗai, Jarrabawa kuma na ba su Modify, wato ikon gyara da gogewa, a kan komai. Ban ba kowa Full Control ba, domin ƙarin da ke cikinsa shi ne ikon sauya izini da karɓe mallaka, kuma babu malamin da ke buƙatar wannan don ya rubuta 67 a gaban sunan yaro.

Sai kuma na yi wayon da ya ci ni. Akwai foldar sakamakon ƙarshe da ban so malamai su ko leƙa, sai na sa wa rukuninsu Deny, wato hani, a kanta. Na gwada daga ɗakin malamai, ta hana, na ji daɗi. Ban kai ga zama ba Hajiya ta sake kira.

"Malam, yanzu na shiga ko'ina, sai wadda na fi buƙata."

Na kusa awa ɗaya ina zagaye, har na fara zargin rawuta, baiwar Allah da ba ruwanta. Shafin Effective Access, da ke cikin Advanced, mai nuna ainihin ikon da mutum ke da shi, shi ya tona asiri: na zaɓi sunanta, ya jero mini jajayen alamu daga sama har ƙasa. Hajiya tana koyar da lissafi a aji ɗaya, don haka na sa ta a rukunin Malamai ma. Idan mutum yana rukuni biyu, ɗaya an ba shi, ɗaya an hana shi a kan folda guda, hanin ne ke rinjaye. Na cire Deny ɗin, na katse gado a wannan foldar, na cire Malamai daga jerin. Wanda ba ya cikin jeri dama ba zai shiga ba, ba sai an kafa masa doka ba. Tun ranar ban sake danna Deny ba.

Saura kwamfuta ɗaya a ɗakin malamai da ta yi taurin kai, ba ta ko tambayar kalmar sirri. Ta riƙe tsohuwar ne a Credential Manager, inda Windows ke adana kalmomin sirri. Na goge ta a can, na rubuta net use * /delete don ta saki tsohuwar alaƙar, na sake shiga, shi ke nan.

Wajen la'asar aka ɗauke wuta, kafin a tada inji kwamfutar Hajiya ta mutu da fayil a buɗe. Da ta dawo Excel ta ce wani ne ya kulle fayil ɗin, karatu kawai za a iya. Hajiya ta dube ni irin kallon "ka sake ɓatawa". Wannan kam ba izini ba ne. A babbar kwamfutar na shiga Computer Management, Shared Folders, Open Files, na rufe tsohon zaman nata, na goge ɗan ɓoyayyen fayil mai farawa da ~$ da Excel ke bari a gefe. Ya buɗe.

Da daddare na sami littafin rubutu mai shafi 40 na zana foldojin, da rukunin da ke da iko a kowacce, da sunayen waɗanda ke cikin rukuni biyu. Mutum uku ne, har da firinsifal. Littafin yana cikin durowar ofis tare da fulash ɗin. Ranar Asabar aka raba sakamako, Hajiya ta aiko mini da zoɓo mai sanyi a gora, tare da saƙon cewa firinta ma ta fara cin takarda.