Ɗan gidan waye kai?

Tunda muka tattara muka koma ƙauye da iyali na lura nan ba ruwan kowa da takardunka ko ofis ɗin da ka yi aiki a birni, tambayar farko ita ce ɗan gidan waye kai. Ka faɗi sunanka a bi ka da kallo, ka faɗi na babanka wasu su ɗan gyaɗa kai, amma da ka ambaci kakanka shikenan, sai tsoho ya gyara zama ya hau ba ka labarin yadda gonarsu ta yi iyaka da tasa da rigimar da suka taɓa yi kan wata bishiya, kai kuwa ko hotonsa ba ka taɓa gani ba. Mutumin da ya rasu tun ba a haife ka ba shi ke buɗe maka ƙofa. In kuma mai faɗa ne a zamaninsa toh wannan ma gado ne, sai ka yi haƙuri ka wanke sunan a hankali.

Abokaina na birni har yau gani suke karaya ce ta koro ni, ban ga laifinsu ba, kowa can ya nufa. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke, ana hasashen zai kai 68 nan da 2050.

Yaran ne suka ban mamaki wallahi. Da farko sai ƙorafin ba netwok ba wuta, yanzu kuwa ba ka ganinsu sai yunwa ta koro su, kullum suna maƙale da kakarsu. Ita ce ta san wa ya haifi wa, wa ya auri ƙanwar wa, me ya sa gidan can ba sa shiri da gidan nan, har iyakokin gonakinmu a kanta suke ba a takarda ba, kuma gaskiya wannan ya tsorata ni. Shi ya sa na fara ɗaukar muryarta a waya in tana hira. Ba ta so, wai me za a yi da surutun tsohuwa, sai babbar 'yata ta lallaɓa ta tukuna, ita ce ma yanzu ke riƙe wayar tana jefa mata tambayoyin da ni kunya ba za ta bar ni in yi ba.