Matasan gareji, ku raba guduma da fulogin motocin zamani

Shekaranjiya na leƙa garejin wani abokina, sai na iske yaronshi ya kwance fulogan wata Mercedes ML320 ya jera sababbi bisa benci, ya ɗauki ɗaya zai ƙwanƙwasa bakinshi ga ƙarfe wai shi rage gaf, wato ɗan ratar da ke bakin fulogi inda wuta ke tsallakawa. Ban san lokacin da na riƙe mai hannu ba. Na ce kai yaro wa ya ce ka yi haka? Ya ce Baba ai haka muke yi ma na mashin. Na mashin! Injin wagga mota V6 ne mai fulogi 12, biyu-biyu ga kowane silinda, kuma da ban zo ba duk sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya lalata.

Raina ya ɓaci ƙwarai don ni ma na taɓa yin irinta, kuma tawa ta fi muni tunda ni babu wanda ya riƙe min hannu.

Mu ga Peugeot 504 munka koyi aiki, waɗanda ake haɗawa Kaduna wancan lokaci, masu kabireta da kontak. Maigidana, Allah shi jiƙanshi, da guntun bakin zarton ƙarfe yake auna gaf, kaurinshi bai wuce 0.6mm da ɗan wani abu ba, in ya shiga tsakanin tsinken tsakiya da ƙugiyar nan ta sama yana ɗan jan jiki to shi ke nan. In gaf ya yi faɗi ka ƙwanƙwasa, in ya matse ka sa sukundireba ka ɗaga. Kuma wallahi motocin suna tashi, su tai Illela su dawo lafiya lau, saboda haka ba zan ce an koya min ƙarya ba.

Sai wani Alhaji da ke kawo min aiki tun yana da 504 ya sawo Lexus RX330 ƴar Kwatano, ya zo da fuloganshi na iridiyom guda 6 cikin kwali ya ce in canza mai kafin tafiya Gusau. Na sa zartona na ji yana yawo ciki, na ce a raina ai waɗanga sun buɗe da yawa. Ashe haka kamfani ya yi su, 1.1mm, kuma yana nan rubuce jikin kwalin, SK20R11, 11 ɗin nan ta ƙarshe ita ce gaf ɗin, ni kuwa ban ko duba ba. Na bubbuga su, wasu sunka matse fiye da yadda nike so, na cusa sukundireba na dogara ta bisa tsinken tsakiya na ɗaga. Tsinken iridiyom siririn abu ne kamar bakin allura, na Denso har 0.4mm akwai, yana jure wuta sosai amma bai jure a danne shi ta gefe. Na ji wani ɗan ƙas ga ɗaya daga ciki, na duba ban ga komi ba, na ɗaura. Kuma fa ukun baya sai an ɗauke manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, ake kai gare su, na riga na gaji, ga ranar Sakkwato, ga Alhaji zaune bisa benci yana duba agogo.

Bai wuce Tureta ba mota ta fara misin, wato wata silinda ba ta ƙona mai daidai, fitilar cek injin tana ƙyaftawa. Da ya dawo na ce ranka shi daɗe koyil ne. Ya sayi koyil, abin da ke ba fulogi wuta. Ta ci gaba, na ce gurɓataccen mai anka zuba mai. Zuwa lokacin zuciyata ta riga ta gaya min mi ne ne, amma in buɗe manifol gabanshi in fiddo fulogi mai karyayyen baki shi na kasa. Haka ya yi ta yawo da ita, ɗanyen man da bai ƙone ba yana gangarawa salansa har indomin ciki, wato abin da ke tace hayaƙi, ya narke ya toshe, mota ta daina ja. Wani gareji ya kai ta, can sunka sa kwamfuta ta nuna musu silindar da ke misin, sunka fiddo fulogin sunka aje mai ga hannu. Bai zo ya yi min faɗa ba, bai dai sake kawo min mota ba, kuma ya rasu ban nemi gafararshi ba. Wanga shi ke ci min rai har yau.

Wani lokaci in ce to wa ya koya muna? Babu littafi, babu intanet ga waya, motoci sunka canza ba wanda ya tara makanikai ya yi musu bayani. Kuma shi ma ya matsa min da sauri. Amma ƙaryar koyil fa, ita ba rashin sani ya sa ni ba.

Na so in jero muku abubuwa da yawa amma ga abin da ke akwai. Fulogin iridiyom ko filatinom kar ka taɓa gaf ɗinshi, a saite yake zuwa. Nemi lambar da ta dace da injin, don injin da ke da tabo (turbo, mai tura iska cikin inji da ƙarfi) galibi gaf ɗin fuloginshi ya fi matsewa, wajen 0.7mm zuwa 0.8mm, ba duka ne 1.1mm ba. Amma kuma kar ka yarda da kwali, jabu ya cika kasuwa, kuma ko na ƙwarai ne in ya faɗi ƙasa ƙugiyar na iya lanƙwashewa, don haka ka auna da ma'aunin gaf a hankali ba tare da ka cusa da ƙarfi ba. In ya kauce maida ma mai shago. To in mai shago ya ƙi amsa kuma kaucewar kaɗan ce, ka kama ƙugiyar ita kaɗai ka ɗan lanƙwasa, kar ƙarfe shi dogara ga tsinken. Na san yanzu na ce kar ka taɓa, har yanzu dai shi na fi so.

Abin da ke ban haushi da ku yaran yanzu, waya na hannunku daga safe har dare kuna TikTok, amma ka rubuta lambar inji ka ga gaf ɗinshi, abin da bai kai minti 2 ba, ya gagare ku. Wata shida ga gareji kowa ya zama injiniya, a yi ma magana ka ce ka gani ga bidiyo. Mu da ba mu da abin dubawa an ce mun yi ganganci, ku mi za a ce?

Sannan ka bari inji shi huce kafin ka kwance, kan injin waɗanga motoci alminiyom ne, ka fara ɗaura fulogi da hannu sai ya zauna kafin sifana ta shiga. In kuwa ka ji ƙas ɗin nan, ka aje shi gefe ka kira mai mota ka gaya mai tun manifol yana ƙasa, kuɗin fulogi guda ne zai fita aljihunka.